Shekara Ashirin Kafin Mu Ga Ƙarshe

A daren wata Alhamis cikin damunar da ta wuce, mu huɗu muna zaune a bencin mai shayi a Dutsen Abba, kawunanmu a haɗe kan waya guda, muka ga ƙarshen Grand Theft Auto: San Andreas. Motar kashe gobara ta rikito daga kan gada, azzalumin ɗan sandan nan Tenpenny ya rarrafo ya cika a bakin layin su CJ, sai sunayen waɗanda suka ƙera wasan suka fara hawa. Mai shayin ya ga mun yi tsit, ya ce, "Alhazai, lafiya? Ko an ci Arsenal ne?" Ƙaraminmu ya haura talatin da biyar, kowa da iyali. Mun fara buga wannan gem muna 'yan sakandare.

Tun daga daren nan muke tambayar juna abin da ya sa muka ɗauki kusan shekara ashirin. Da muka bi diddigi sai muka tarar amsar tana cikin yadda gem ya shigo ƙasar Zazzau da yadda muka riƙa biyan kuɗinsa.

Na farko da ya zo hannun yawancinmu shi ne ɗan ƙaramin abin nan mai batir da ake kira Brick Game, wanda ake rubuta wa 9999 in 1 a goshi, alhali wasannin da ke ciki ba su taka kara sun karya ba. Babbansu kwaikwayon Tetris ne, wasan jera bulo da wani Barashe, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a Mosko a 1984. Wannan wasa ba a yi shi don a gama ba. Bulo zai yi ta zubowa yana ƙara sauri har ya fi ƙarfinka. Nasarar kawai ita ce ka fi ɗan'uwanka maki kafin batir ya mutu, a ciro shi a ciccije a mayar.

Daga nan sai gem na kaset da ake jonawa da talabijin. Asalinsa Famicom ne na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1983, amma wanda ya iso kasuwar Sabon Gari kwaikwayo ne daga Asiya, da kaset ruwan ɗorawa da bindigar harbin agwagi. A nan muka fara sanin cewa wasa yana iya zama da ƙarshe. Super Mario Bros. na 1985 yana da duniya takwas, kowace da mataki huɗu, talatin da biyu ke nan, kuma a ƙarshen fada bakwai na farko sai a gaya maka gimbiyar da kake nema tana wata fadar. Matsalar ita ce na'urar ba ta ajiye inda ka tsaya. Dole a zama ɗaya ka tashi daga farko ka kai ƙarshe. A gidan da talabijin ɗaya ce, Baba zai kalli labarai, adafta ta yi zafi kamar dutsen guga, wuta kuma tana iya tafiya a kowane lokaci, wa zai samu wannan zaman? Wanda ya ce ya ceto gimbiya sai an nemi shaidu. Shi ya sa sirrin Contra, danne-dannen da ke mayar da rai uku ya koma talatin, ya zama kamar laƙani, ba a bai wa kowa sai amini.

Babban sauyi ya zo da PlayStation, wadda Sony ta fitar a 1994, da ƙanwarta PlayStation 2 ta shekarar 2000. Kuɗinsu ya fi ƙarfin gidajenmu, don haka suka zama jari. Mutum zai kama shago, ya jera talabijin uku ko huɗu da benci, ya saye labule a ƙofa, ya ajiye ƙaramin janareta a waje. Haka gidan gem ya samu. Mu 'yan Dutsen Abba mukan tara kuɗin tara da na aike mu shiga Tudun Wada, wani lokaci har Sabon Gari, mu dawo da yamma muna shirya ƙaryar da za mu faɗa a gida.

Tsarin biyan kuɗi shi ya zaɓa mana abin da za mu buga. Mai shago yana son wasa mai gajeren zango, wanda mutum biyu za su riƙe hannu biyu, a yi minti biyar ko goma a tashi, wanda aka ci ya biya. Ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami da dambe irin su Mortal Kombat da Tekken sun dace da wannan ciniki. Har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa da kyau saboda wani ya sa Roberto Carlos a gaba ya zura musu biyar. Wasa mai labari kuwa, irin God of War ko San Andreas, na mutum ɗaya ne, kuma yana cin sa'o'i masu yawa. Kafin ka ci gaba daga inda ka tsaya sai da katin memori, wanda na PlayStation 2 megabayit 8 ne kacal. Ba kowane shago ke da shi ba. Inda akwai, na kowa ne: ka sha wahalar mako guda, gobe ka tarar wani yaro ya goge ko ya ɗora nasa a kai.

Saboda haka San Andreas, wanda Rockstar ta fitar a 2004, ya zama mana filin ɓarna kawai. Kowa na da takardar sirrika a aljihu, an kwafa da biro daga ta wani: na makamai, na kuɗi, na korar 'yan sanda. Ka biya naira ashirin, ka saci mota, ka yi ta gudu har mai shago ya ce, "Kai yaro, lokacinka ya cika, ba wani hannu." Turancin da suke yi ba ma kamawa, ga ƙarar janareta. Mun san titunan Los Santos fiye da wasu lungunan Birnin Zariya, amma ba mu san abin da ya kawo CJ garin ba.

Waya ce ta warware wannan ƙulli. Layin GSM ya shigo Najeriya a 2001, muka yi zamanin macijin Nokia 3310, wanda shi ma sai dai ka yi ta tsawo har ka ciji kanka. Da Android ta yawaita, aka fitar da San Andreas na waya a ƙarshen 2013, masu tura waƙoƙi da fina-finai a PZ suka ƙara da tura gem. A karon farko na'ura ta zama tamu, ajiya ta zama tamu, ba mai tsayawa a kanmu da agogo. Sai dai a lokacin aure da neman abinci sun riga sun kama mu. Sai bana ɗayanmu ya ce mu raba aikin: waya ɗaya, kowane dare bayan Isha'i aiki ɗaya ko biyu, wanda ya faɗi ya miƙa wa na kusa. Aikin bin jirgin ƙasa a kan babur ya ci mana dare uku. Makarantar tuƙin jirgin sama ta kusa raba mu.

Abin da muka tarar a ciki ya ba mu mamaki. Ashe labarin yaro ne da ya bar gida shekara biyar, ya dawo jana'izar mahaifiyarsa, ya samu ƙwaya ta cinye unguwa, abokan ƙuruciyarsa biyu sun sayar da ita, ɗan sanda kuma yana juya kowa. An ɗora labarin a 1992, ƙarshensa kuma ya kwaikwayi tarzomar da aka yi a Los Angeles a wannan shekara. Ba mu ce wasan tarbiyya ba ne. Akwai ashar da zubar da jini, kuma ba za mu miƙa wa ɗan shekara goma ba. Amma da muka kai inda CJ ya tsaya a kan gawar Big Smoke, kowannenmu ya tuna wani da muka taso tare wanda kayan maye suka ɗauke. Muna yara muna ta zagaya wannan labari da motar sata, ba mu taɓa shiga cikinsa ba.

Yanzu ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da wayoyin da suka fi duk na'urorin gidan gem ƙarfi. Me suke bugawa? Free Fire na 2017, inda ake zuba mutum hamsin a tsibiri a yi kamar minti goma, da PUBG Mobile na 2018, da eFootball, jikan Winning Eleven. Waɗannan kyauta ake saukar da su, ribar kamfani tana cikin daɗewarka: ka sayi data, ka sayi lu'ulu'u, ka sayi riga, wani zango ya ƙare a buɗe sabo. Mu talauci da rashin wuta suka hana mu ganin ƙarshe. Su kuwa tun a wurin ƙira aka cire shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su, kuma duk uban da ya taɓa ƙwace waya ƙarfe biyu na dare ya san dalili.

Wasa mai ƙarshe labari ne, kamar tatsuniya da ake rufewa da ƙurungus kowa ya tafi ya kwanta. In kuwa labari ne, dole mu tambayi na wane ne. A 2021 Age of Empires III ya ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ake bugawa da su, da Sarauniya Amina a matsayin jagora. A 2025 Civilization VII ya sa ta cikin shugabannin duniya da ake zaɓa. Wasu a wata nahiya sun ga cewa tarihin Zazzau ya isa a gina wasa a kansa, mu da muke wucewa ta Ƙofar Doka kullum ba mu ko buga ba, don yawancinmu ba mu da kwamfutar da za ta ɗauka. Muna da Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cike da masu karanta ilimin kwamfuta da zane, muna da marubutan da ke cika wayoyi da littattafai. Ba mu ga abin da zai hana su zama a benci ɗaya ba.

Washegarin daren nan, ɗan ɗayanmu mai shekara goma sha biyu ya ji muna ta labari, ya ce, "Baba, to da kuka gama me aka ba ku?" Uban ya ce ba a ba mu komai ba, mun dai ji yadda ta ƙare. Yaron ya yi shiru, sannan ya tambaya ko akwai irinsa na yara. Mun samo masa Super Mario. Jiya ya aiko a gaya mana yana duniya ta biyar, kuma wai kada kowa ya faɗa masa inda gimbiyar take.