Shekarun da hotunanmu suka ɓata

A gidanmu nan Matamaye akwai hoton kakana na zamanin Diori Hamani, baƙi da fari, yana cikin akwatin tsohuwarmu har gobe. Amma na auren yayata da aka yi a 2009, ko ɗaya babu. Abin da ya sa ni bin diddigin maganar ke nan.

Kyamarar da ba ta cin fim, wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, shi ya fara haɗa ta a 1975. Nauyinta ya kusa kilo 4, kuma hoto guda sai ya ci daƙiƙa 23 kafin ya zauna cikin kaset. Kun ga tun ranar farko hoton ba a hannu yake ba, sai an kwashe shi an kai wata na'ura kafin ido ya gan shi da kyau.

Da irin wannan kyamara ta iso mana, wannan wahalar ta biyo ta. Kati ya cika, to ina za a juye? Kwamfuta ba kowa ke da ita ba, wuta ma ba kullum ba. Yayana shi ya ɗauki hotunan bikin. Ya hau mota har Damagaram, ya shiga wani shagon intanet, aka jona wayar USB, aka juye komai. Da ya ga hotunan a allo sai hankalinsa ya kwanta, ya goge katin don akwai suna a ƙarshen mako. Ya ce zai dawo da faifai ya kwasa. Kafin ya koma birus ya shiga kwamfutar, mai shago ya wanke ta tas. Kai, wannan kalma! A da in an ce an wanke hoto, fitowa ya yi a takarda.

Ku dubi Malick Sidibé na Bamako. Fina-finan hotunan da ya ɗauka tun shekarun 1960 a kwalaye ya jibge su cikin shagonsa, ƙura da zafi ba su cinye su ba, har aka ba shi babbar lambar yabo a Venise a 2007. Mu namu ko wata biyu ba su yi ba.

Na zagaya gidajen dangi guda 6 ina tambayar hotunan waɗancan shekaru. Inda duk na samu, wanda aka biya kuɗi aka fitar a takarda ne. Wata gwaggona ta miƙo mini tsohon kati naɗe cikin leda, ta ce, “Ɗana, an ce mahaifinka yana ciki.” Har yanzu ina neman kwamfutar da zan yarda in sa shi.