Daga Tukunyar Burkutu Zuwa Randar Ruwa: Tarihin Tacewa

Duk wanda ya je Daura sai an kai shi rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. To amma mai karatu, samun ruwa daban, samun mai haske daban. Tarihin yadda ake raba abin sha da lakarsa na ɗaya daga cikin abubuwan da marubutanmu da 'yan fim suka tsallake.

Abin mamaki, gwanayen wannan fanni a da can su ne matan Maguzawa masu dafa giya. Kafin jihadin Shehu Usman Ɗan Fodiyo na 1804, kai har bayansa a ƙauyukan Kano da Katsina, ba a bikin Maguzawa sai da burkutu. Za a jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, sannan a tace dusar. Burkutu na fitowa da kauri, fito kuwa ya fi shi tatuwa.

Dabarun uku ne. Na farko tacewa da rariya ko ƙyalle. Na biyu zuba abin da zai kama lakar ya ja ta ƙasa. Masu dafa giyar dawa a arewacin Gana da Burkina Faso yauƙin karan kuɓewa suke sawa, Turawan Ingila kuma wata jaka da ke cikin kifi. Na uku sanyi, domin da giya ta yi sanyi sosai yis ya kan daina aiki ya kwanta a gindi. Nan ne Turai ta samu sa'a, tunda Jamusawa suna da koguna da ƙanƙara, kuma a 1842 garin Pilsen ya fitar da giya garai-garai. Mu kuwa iyakar sanyinmu na randa ne da hunturu.

Musulunci ya haramta giya, kuma Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a a 2000. Sai dai ilmin tacewa ba na mashaya kaɗai ba ne. Uwar da ke tace kunun zaƙi, da wadda ke jefa alif ko dakakken irin zogale a ruwan tafki ya kwanta, duk hanya ɗaya suke bi. Hatta kurkunu, da ya daɗe yana kwantar da manoma da damina, tace ruwa da ƙyalle na cikin makaman da aka yaƙe shi da su. Tun 2008 ba a sake samun sa a Nijeriya ba, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da hakan.

Finafinanmu sun ƙware wajen nuna mashayi yana tangaɗi da kwalba. Yaushe za a nuna mana matar da ke tace ruwan da yaranta za su sha?