Kasuwar Jajibere: Daga Dresden Zuwa Rano

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Kwanakin baya wani abokina da ke karatu a Jamus ya turo min bidiyo daga birnin Dresden. Dare ne, sanyi har tururi ke fita daga bakin mutane, ga rumfunan katako a jere an yi musu ado da fitilu, dandali ya cika maƙil. Ya ce sunan abin kasuwar Kirsimeti. Na kalla sau biyu, na ce masa, "Malam, ai wannan kasuwar jajibere ce, wuta kawai suka fi mu." Ya yi dariya. To amma da na bi tarihin abin, sai na tarar ashe ba wasa na yi ba.

Kasuwar Dresden ta samo asali ne a 1434, lokacin da mai mulkin yankin Saxony, Friedrich na Biyu, ya ba da izinin a ci kasuwa ta kwana ɗaya tak gab da Kirsimeti. Me ake sayarwa? Nama. Kiristocin wancan zamani suna yin azumi na makonni kafin bikin, suna ƙaurace wa nama, don haka idan biki ya matso kowane magidanci yana neman abin da zai kai gida. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Rano ko ta Kibiya a kasuwar ƙarshe kafin Sallah ya san wannan yanayi: mai jan rago, mai rungume da kaji da zabi, mai cinikin attaruhu, yara sun taru a kan mai tabarau da agogon roba, tela kuwa ya kashe waya. An sha azumi, biki ya zo, dole a ci kasuwa. Haka tasu ta fara, haka tamu take.

Kuma ku lura da ƙarnin. A cikinsa ne Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi. Wato lokacin da mahautan Dresden ke kasa nama na kwana ɗaya, fatake daga Sahara suna sauke kaya a Kano. Ba a baya muka faro ba.

Rano kuwa tana da nata matsayin. A labarin Bayajidda, da aka raba wa Hausa Bakwai aiki, Gobir ta ɗauki yaƙi, Katsina da Daura suka ɗauki kasuwa, Kano da Rano kuma aka kira su sarakunan baba. Baba dai shi ne tsiron da ake rini da shi. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi ko a matsayin almara, abu ɗaya a fili yake: da magabata suka tashi faɗin abin da aka san Rano da shi, sana'a suka ambata. A garuruwan kudancin Kano irin su Kura da Bunkure da Rano, manomi ya noma auduga da baba, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har tufa ta yi ƙyalli. Turkuɗin da Abzinawa ke naɗawa daga wannan yanki ake kai musu shi.

Shaidar hakan ma wani Bajamushe ne ya rubuta ta. Heinrich Barth, mutumin Hamburg, ya iso Kano a 1851, ya ga yadda tufar ƙasar Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta darajarta a shekara da wuri miliyan 300. Abin da ya fi burge shi shi ne ba a manyan masana'antu ake aikin ba, a cikin gidaje ake yi, iyali suna ci daga gare shi.

To a ina hanya ta rabu? Mu koma Dresden. A kudu da birnin akwai duwatsun da ake haƙar azurfa da kuza. Da ma'adinan suka ja baya, sai iyalan mahaƙa suka koma sassaƙar itace: 'yan tsana, mazaunin kyandir, kayan wasan yara. Ina za su sayar? Kasuwar biki. Sana'a ta sami wurin baje koli, kasuwa kuma ta sami abin da babu irinsa a wani wuri. Yau kasuwar kwana ɗaya ta zama ta kusan wata guda, da rumfuna sama da 200, miliyoyin mutane na zuwa, kuma har yanzu sassaƙar ƙauyukan nan tana cikin abin da ake zuwa saye.

Kada ku zaci tafiyar tasu ba gargada. A Nuremberg, inda ake da wata shahararriyar kasuwar, an kore ta daga babban dandalin gari a 1898, ta yi ta yawo tana ƙanƙancewa. 'Yan Nazi ne suka dawo da ita a 1933 don farfagandarsu, yaƙin duniya na biyu ya tsayar da ita, sai a 1948 aka sake buɗe ta a tsakiyar kufai. Al'ada tana iya suma, 'yan siyasa suna iya hawa kanta, kuma mutanen gari suna iya ƙwato abinsu.

Mu kuma fa? A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa da sinadarai, mai araha, wanda ba ya bukatar gona. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin nema, yadin Turai ya yi ta kwararowa. Marina ba ta mutu rana ɗaya ba, ta yi shekaru tana fafutuka, amma a hankali karofi ya zama ramin shara. Yau ka zaga kasuwar jajibere ka duba da kyau. Ragon namu ne, shinkafar da tumatirin wataƙila daga kadadar ruwan Tiga suke. Amma shaddar da atamfar daga Kantin Kwari aka saro su, yawancinsu kuma daga Sin suka taso. Takalmin haka, tabarau ɗin yara haka. Kuɗin da magidanci ya yi wata da watanni yana tarawa, kwana biyu ya ishe su barin gari.

Na san wani zai ce, me ya haɗa mu da bikin Kirsimeti? Ba addinin kowa nake cewa a ara ba. Musulmi yana da jajiberensa, 'yan uwanmu Hausawa Kirista da ke ƙauyukan kudancin Kano suna da nasu a watan Disamba, kuma a kasuwa ɗaya muke haɗuwa. Maganar ita ce ta wa za a saya idan biki ya zo.

Tun 2019 muke ta muhawara a kan masarauta: an ɗaga darajar Rano, an rushe a 2024, an dawo da ita mai daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya. Mun ƙarar da data a kan wannan. A Disambar 2024 kuma UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattali. Madalla. Amma rawanin da ke kan mahayi da rigar da ke jikinsa, wa ya saƙa su? Sarauta ba ta hannunmu, mu matasa. Rumfa ɗaya a kasuwa kuwa ba ta fi ƙarfinmu ba.

Dresden tana da takardarta ta 1434 a ajiye. Tamu takardar tana bakin tsofaffi, kuma kullum raguwa suke yi. Kafin Sallah mai zuwa, ka nemi dattijon da ya taɓa rini ko saƙa a unguwarku, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ina karofinku yake a da?" Ka kunna wayarka ka naɗa. Idan ka shiga kasuwar jajibere kuma, a cikin kayan da za ka saya a sami ko da guda ɗaya da aka yi a ƙasar nan: hula ɗinkin hannu, tabarma, faifai, takalmin dukawa. Idan an ga ana saye, za a sami mai koyo.

Mutanen Rano da Kibiya da Rurum, ku faɗa mana abin da ake yi a garinku da hannu wanda har yanzu ake kaiwa kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya sa mu ga Sallah lafiya.