Sabulu, Omo da Soda a Bakin Iyakar Bagudo

Matar da ta ce ta koyi haɗa omo a gida don ta huta da tsadar na kanti, sau da yawa sabulu take haɗawa. Omo suna ne da kamfanin Unilever ya raɗa wa garin wankinsa, kamfanin da ya kafu a Najeriya tun 1923. Sunan ya bi bakin mutane har ya haɗiye sauran, yau ko Ariel ka riƙo yaro zai ce omo ne. Kilin kaɗai, wato So Klin na Indonesiya, ya iya ƙwatar wa kansa wuri a bakin 'yan tireda.

Sabulu da omo kuwa ba ɗaya ba ne. Sabulu mai ne da aka dafa da abu mai kaifi irin ruwan toka. Omo sinadarinsa daga man fetur ake samo shi, shi ya sa yake kumfa ko a ruwan rijiya mai zartsi, inda sabulu yake tsinkewa ya bar farin dattin nan a gefen baho. Wadda ta goge sabulu a magogi ta gauraya shi da soda ta shanya, garin sabulu ta yi. Yana wanki, yana rage kashe kuɗi, amma kada ta zargi hannunta in bai yi kumfar na leda ba.

Kalmar sabulu kanta baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Daga Larabci ta zo, sabun, kuma danginta ne ake ji da an tsallaka iyakar Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, inda Faransanci ke cewa savon. Sana'ar dai tamu ce tun kaka da kakanni. Ƙasar Illo da Ka'oje da Lolo tana cikin yankin da kaɗanya ke yi, har cikin Borgu. Mata suna ƙona karan gero ko na dawa, su zuba tokar a tukunya mai huji a gindi, su tsiyaye ruwan, su dafa shi da man kaɗe suna tuƙawa har ya kama jikinsa ya yi duhu. Irin wannan baƙin sabulu shi muke kira sabulun salo, Yarbawa su ce ose dudu, a Gana a ce alata samina. Abin da nake so game da sunayen kayan haɗinsa shi ne ba sa ɓoye komai: toka toka ce, man kaɗe man kaɗe ne, ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san abin da ta sa a tukunya.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne kalmar soda. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a gaban sefa, kayan kanti suka yi tashin gwauron zabo, mata da yawa suka koma haɗa sabulun ruwa da na wanki da kansu. Sai ga kalma guda tana ɗauke da abubuwa uku. Akwai sodar da ake sa wa a fulawa, wadda ba ta da wata illa. Akwai sodar wanki, farin gari, 'yar'uwar kanwa ta kusa, tunda gishirin da ke cikin kanwar Barno shi ne a cikinta. Sannan akwai kostik, wadda a Benin ake rubuta wa soude caustique a jikin buhu. Ita wannan tana cin fata, in ta fantsama a ido tana iya makantarwa. In an zuba ta a ruwa, bokitin yakan ɗauki zafi kamar an ɗora shi a murhu, don haka ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara mata ruwa a kai. Tana cinye tukunyar alminiyam, sai roba mai kauri. Duka ukun farare ne, kuma a kasuwa ana ƙulla su a farar leda ba rubutu. Yaron da aka aika ya ce a ba shi soda, wacce zai kawo?

Haka ruwan cire tabo. A ɓangarenmu Hypo ko Jik ake cewa, sunayen kamfani ke nan kuma. A ɓangaren Benin javel ne, sunan wata unguwa a Paris inda aka fara yin sa wajen 1789. Mai sayayya a kasuwannin iyaka tana iya ɗaukar su magunguna daban-daban, alhali abu guda ne, kuma in ya haɗu da asid, irin safonik da ake zubawa a sabulun ruwa ko ruwan wanke masai, yana tayar da iskar da ke shaƙe ƙirji.

Masu koyar da mata wannan sana'a su riƙa kiran kostik da cikakken sunanta, soda mai ƙuna, masu sayarwa kuma su rubuta hakan a jikin leda, da boko ko da ajami, a ajiye ta nesa da kwanon gishiri da hannun yara.