Mulkin Gida da Zaɓe a Gwandu da Kalgo: Daga Mubaya'a zuwa Akwatin Ƙuri'a

Gwandu da Kalgo biyu ne daga cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, kuma dukansu suna cikin goman da ke ƙarƙashin masarautar Gwandu. Garin Gwandu yana gabas da Birnin Kebbi, Kalgo kuwa tana kudu da birnin, a kan hanyar Jega. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwandu mutum kimanin 150,000, ta ba Kalgo kimanin 85,000. A yau kowace tana da ciyaman da kansiloli a gefe guda, da uwayen ƙasa da dagatai da masu unguwanni a ɗaya gefen. Waɗannan shugabanni iri biyu ba rana ɗaya suka samu ba, kuma tarihin yadda suka zo suka zauna tare shi ne tarihin siyasar yankin.

Gwandu ta shiga tarihi ne da jihadi. A 1805 rundunar jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin ƙanensa Malam Abdullahi, ta ci Birnin Kebbi, kuma a shekarar ne jama'a suka yi sansani a Gwandu. Bayan mummunar asarar da suka yi a yaƙin Alwasa, a nan suka tsaya suka kare kansu, daga baya Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya kewaye garin da ganuwa. Da Shehu ya raba kula da daula a wajajen 1812, gabas ta faɗa hannun Bello, yamma ta faɗa hannun Abdullahi. Wannan rabon ne ya sa Nupe da Ilori da Yawuri da ƙasashen da ke yamma har Liptako suka zamo masu kallon Gwandu.

Malam Abdullahi ya damu ƙwarai da tambayar wa ya cancanci mulki, kuma me talaka ke bin mai mulki. Tun ana tsakiyar yaƙi ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu jagorori, ya bar runduna ya nufi gabas, sai mutanen Kano suka tsare shi suka roƙi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Littafin da ya rubuta musu shi ne Liya'ul Hukkami. A cikinsa da sauran rubuce-rubucensa ya nanata cewa shugabanci amana ce da masana da dattawan al'umma ke ɗora wa wanda ya cancanta, cewa shawara wajibi ce a kan shugaba, kuma dukiyar baitulmali ba ta gidan sarki ba ce. Ba da jimawa ba aka jarraba shi da abin da ya rubuta. Da Shehu ya rasu a 1817, manyan jama'a a Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya koma Gwandu ransa ba daɗi. Sai da aka yi tawaye a Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki, sannan baffa da ɗa suka sasanta, Abdullahi ya yi wa Bello mubaya'a. Rikicin gadon mulki na farko a daular ya ƙare ba tare da gidan ya rabe ba, kuma babban rabon yabon na wanda ya haƙura ne.

Bayan rasuwarsa sarauta ta zauna a zuriyarsa. 'Ya'yansa suka yi ta gadon juna, daga Muhammadu Wani zuwa Halilu, wanda a zamaninsa Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853. Zaɓe a lokacin aikin 'yan majalisar sarki ne, su kaɗai, daga cikin 'ya'yan gida ɗaya. Talaka ba ya da ƙuri'a. Abin da yake da shi shi ne kai ƙara gaban alƙali, da bakin malamai masu wa'azi, da ƙaura idan zalunci ya yi yawa, kuma sarakuna suna tsoron ƙaura domin ƙasar da ta watse ba ta biyan komai. Tawayen Kabawa da ya tashi a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame ya sa Gwandu ta shafe rabin ƙarni tana tsaron ƙofar gidanta.

Zuwan Turawa ya rage wa Gwandu faɗi ƙwarai. Kamfanin Neja ya ci Bida da Ilori a 1897, Faransa ta kwashe ƙasashen yamma, Ingila ta ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Bayan tashin Satiru a 1906 Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin yana da masaniya, suka naɗa Haliru, hedikwatar masarauta kuma ta tabbata a Birnin Kebbi. Tun daga nan garin Gwandu ya zamo mai suna da hubbaren Malam Abdullahi, amma fada da ofisoshi suna wani wuri.

Abin lura shi ne, ƙasar ta ragu amma ikon sarki a cikin abin da ya saura ya ƙaru. Turawa sun yanka masarauta gunduma-gunduma, suka tura hakimai su zauna a cikin gundumominsu, suka kafa baitulmali aka sa wa kowa albashi. Wannan shi ne tsarin En'e. En'e ta Gwandu ke karɓar haraji da jangali, ita ke da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari, ita ke gina makarantun elementare da ɗakunan shan magani da rijiyoyi da hanyoyin mota. Manomi a ƙauyen Kalgo ko Gwandu yana iya rayuwa har ya tsufa bai ga Razdan ba, amma ya san mai unguwa da dagaci da uban ƙasa, ya san kuma ranar da ake zuwa karɓar haraji. Gundumar Kalgo tana da nauyi na musamman a wannan tsari. Hakiminta yana riƙe da sarautar Sarkin Gobir, kuma daga kujerar nan Alhaji Haruna ya hau gadon sarautar Gwandu a 1954, bayan rasuwar Sarki Yahaya, wanda babban asibitin Birnin Kebbi ke ɗauke da sunansa.

En'e tana da ƙarfin yin aiki, sai dai ba ta da wanda zai tuhume ta daga ƙasa. Wannan ne ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa na neman gyaranta a Majalisar Arewa a watan Agustan 1950, watan da aka kafa NEPU a Kano. Zaɓen 1951 shi ne karo na farko da aka nemi ra'ayin mai biyan haraji, amma hawa-hawa aka yi shi: ƙauye ya zaɓi wakilai zuwa gunduma, gunduma ta tura nata gaba, har a kai matakin lardi, inda En'e ke da damar cusa nata mutane. Da wuya wanda fada ba ta so ya tsallake waɗannan matakai. Dokar En'e ta 1954 ta buɗe ƙofar majalisun gundumomi da na garuruwa masu zaɓaɓɓun wakilai, kuma a zaɓen tarayya na 1959 kowane baligi namiji ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye a asirce, a akwati mai alamar jam'iyya, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Mata ba su cikin lissafi.

A Lardin Sakkwato, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, NPC ce ke da rinjaye, kuma dalilin bai ɓuya ba. 'Yan takararta yawanci ma'aikatan En'e ne ko masu sarauta, izinin yin taron siyasa daga En'e ake nemansa, ɗan adawar da aka kama kuma gaban alƙalin En'e ake kai shi. Gwandu ta samu babban matsayi a Kaduna a wannan zamani: Sarki Haruna ya shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa, Alhaji Umaru Gwandu kuma ya zamo Kakakin Majalisar Dokokin Arewa.

Sojoji ne suka rushe ginin. Bayan ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Sai gyaran ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka kafa Jihar Sakkwato, wanda ya shimfiɗa tsari iri ɗaya a duk Nijeriya, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara a majalisar masarauta, ya miƙa gudanarwa ga zaɓaɓɓun kansiloli. A zaɓen ƙarshen shekarar, wanda aka yi ba jam'iyya, matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Wannan shi ne sauyi mafi girma da yankin ya gani tun 1903.

Sabon tsarin bai samu ya kafu ba. A Jamhuriya ta Biyu, lokacin da Shehu Kangiwa na NPN, sannan Garba Nadama, ke mulkin Sakkwato, ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, haka ma a sauran jihohi. Kwamitocin riƙo gwamnoni suka naɗa. Soke haraji da jangali da jihohin Arewa suka yi daga 1979 ya sauƙaƙa wa talaka, amma ya yanke igiyar da ta ɗaure hukuma da aljihun mutanenta. Hukumar da kuɗinta daga sama yake zuwa, sama take saurare. Sojoji suka dawo da kantomomi, sannan gwamnatin Babangida ta yi zaɓen 1987 ba jam'iyya, da na Disambar 1990 tsakanin SDP da NRC, wanda aka yi ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya a layin wanda yake so. Tsarin ya rage aringizon ƙuri'u, amma a garin da kowa ya san kowa, tsayawa a layin da uban ƙasa ko surukin mutum ba ya ciki yana buƙatar ƙarfin hali.

Ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zamo babban birni. Ƙarin ƙananan hukumomi da aka yi ta yi a zamanin soja, har jimillarsu ta kai 774 a 1996, ya kawo sakatariya kusa da jama'a. Kalgo ta amfana da maƙwabtaka da babban birni: a yankinta Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take zaune, haka ma babbar cibiyar lafiya ta jiha. Zuwan ma'aikata da ɗalibai ya sa filaye suka yi daraja, rabon fili kuma ya zamo maganar siyasa. A wakilcin tarayya garuruwan biyu sun rabu: Kalgo tana mazaɓa ɗaya da Birnin Kebbi da Bunza, Gwandu tana tare da Aliero da Jega, amma sun haɗu a mazaɓar sanatan Kebbi ta Tsakiya.

Tun 1999 gwamnoni huɗu suka mulki jihar: Muhammadu Adamu Aliero na APP, wadda ta koma ANPP, Sa'idu Usman Ɗakingari na PDP daga 2007, Abubakar Atiku Bagudu na APC daga 2015, da Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, daga 2023. Dukansu daga masarautar Gwandu suka fito, abin da mutanen Argungu da Yawuri da Zuru ke yawan tunatarwa a duk kakar zaɓe. Yadda iko ya koma gidan gwamnati ya bayyana ƙarara a watan Yunin 2005, lokacin da gwamnatin Aliero ta sauke Sarki Mustafa Haruna Jokolo ta naɗa Muhammadu Iliyasu Bashar. Shari'ar ta ɗauki shekara 20. Babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara sun ba Jokolo gaskiya, amma a Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta soke hukuncinsu.

Duk da haka masu zaɓen yankin sun nuna ba a jan su yadda aka ga dama. A Fabrairun 2023 Aliero, a tutar PDP, ya kayar da gwamna mai ci Bagudu a takarar sanatan Kebbi ta Tsakiya, zaɓen gwamna kuma bai kammalu ba sai da aka yi zagayen cike giɓi a watan Afrilu. Ra'ayin da ke haifar da irin wannan sakamako a majalisun ƙofar gida ake dafa shi, da teburin mai shayi, da kasuwanni, da wuraren ɗaurin aure da suna, da ƙungiyoyin manoman shinkafa da albasa masu lissafin wanda ya kawo taki da injin ban ruwa. Mata, waɗanda aka hana ƙuri'a har 1976, yanzu su ke cika layi tun da sassafe, ko da yake kujerun kansila da ciyaman kusan duka na maza ne.

Wannan 'yancin ra'ayi bai cika isa zaɓen ƙaramar hukuma ba, kuma laifin na tsari ne. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisu, amma ya bar shirya zaɓensu ga hukumar da gwamna ke naɗawa, Sashe na 162 kuma ya bi da kasonsu, wanda a yanzu ya kai kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ciyaman da gwamna ya tsayar, hukumar gwamna ta bayyana, kuɗinsa kuma ke biyowa ta hannun gwamna, ba ya da ikon da hakimin En'e ke da shi, kuma tsoron masu ƙuri'a bai kama shi ba. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kwamitocin riƙo. A zaɓen da hukumar zaɓen jihar Kebbi ta gudanar ranar 31 ga Agustan 2024, jam'iyya mai mulki ta APC ce aka bayyana ta lashe kujerun ciyaman 21 duka, har da na Gwandu da Kalgo.