Kano Pillars: Daga Ƙwallon Ma'aikata Zuwa Hannun Gwamnati

An kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars a shekarar 1990, shekarar da Najeriya ta fara gasar ƙwararrun 'yan wasa. Ba daga sama ta faɗo ba. Ƙungiyoyi uku aka narkar aka yi ta: WRECA, ta hukumar gina madatsun ruwa da samar da ruwan sha ta jihar Kano, da Bank of the North, ta bankin da a lokacin ke da hedikwata a birnin, sai kuma Kano Golden Stars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006, yana sahun gaba cikin waɗanda suka aza harsashinta.

Biyu daga cikin ukun nan na wuraren aiki ne, kuma haka ƙwallo ta taso a ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka biyo shi suna kafa kantuna da rumbunan gyaɗa da auduga da fatu a kusa da tasha. Unguwar PZ ta Sabon Garin Zariya har gobe sunan ɗaya daga cikinsu take ɗauke da shi, wato Paterson Zochonis. Akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan makaranta su ne suka fara buga ƙwallo da tsari. Da aka fara gasar Kofin Gwamna a 1945, wadda ta zama Kofin Ƙalubale, ma'aikatan jiragen ruwa na Legas ne suka fara ɗauka, sannan na reluwe suka riƙa maimaitawa. A 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos suka kawo kofin zuwa Arewa.

Ɗan wasa a wancan zamani ma'aikaci ne. Yana da teburi ko inji da safe, da yamma ya tafi atisaye, albashinsa kuma na kamfani ne. Da masana'antu suka bunƙasa a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa, tsarin ya ƙara ƙarfi. Ƙungiyar da ta fi kowace tashe a Kano kafin Pillars ita ce Raccah Rovers, wadda ta lashe gasar ƙasa a 1978, kuma a wannan shekara ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele ya buga a ɓangaren baƙin. A Kadunar ma haka abin yake: masana'antar ƙera makamai ce ta haifi DIC Bees, wadda ta koma Ranchers Bees.

Wannan tsari bai tsallake shekarun 1980 lafiya ba. Faɗuwar kuɗin mai, da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da karyewar naira, da ƙarancin wutar lantarki, sun sa masana'antu rage ma'aikata, kuma wanda ke sallamar masu juya inji ba zai ci gaba da ciyar da masu buga ƙwallo ba. Raccah Rovers ta dushe. Haɗakar 1990 ta zo ne a wannan hali, kuma nauyin sabuwar ƙungiyar ya sauka a wuyan gwamnatin jiha.

Shekarun farko ba su kawo kofi ba. Pillars ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Abin da ta tara a wannan tsakani shi ne jama'a. Riga ruwan ɗorawa da kore ta zama alamar gari, kirarin "Sai Masu Gida" ya kama bakin 'yan kasuwa da direbobi da masu sana'ar hannu, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuma ya zama wurin da baƙi ke shiga da fargaba. Daga watan Yunin 2003, lokacin da Julius Berger ta ci ta a Kano, sai da Pillars ta yi wasannin lig 202 a gida ba a doke ta ba. Nasarawa United ce ta karya wannan tarihi a watan Agustan 2015 da ci 2-1. Shekara goma sha biyu ke nan. Mai adalci zai ƙara da cewa a gasar Najeriya ta wancan lokaci cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowa, saboda doguwar tafiya a mota da matsin da alƙalan wasa ke shiga gaban 'yan kallo. Duk da haka kowace ƙungiya tana da gida, kuma ba kowace ce ta yi abin da Pillars ta yi ba.

Kofin lig na farko ya zo a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, kocin da ya ɗauki kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003. Shekarar da ta biyo baya ita ce ƙololuwar tarihin ƙungiyar a nahiyar. A 2009 aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka, wadda babu ƙungiyar Afirka da ta kai ta yawan ɗaukarsa. Aka tashi 1-1 a Kano, aka yi 2-2 a Alƙahira, Pillars ta wuce saboda yawan ƙwallayen da ta zura a waje. Ta shiga rukuni da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da ZESCO ta Zambiya, ta fito ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan 'yar gida ce ta tare ta: Heartland ta Owerri ta lallasa ta 4-0, ta kuma sake cin ta 1-0.

A kakar 2009 zuwa 2010 wani matashi haifaffen Jos, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18 a rigar Pillars, ya goge tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa a 1990. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow ta Rasha, sai Leicester ta Ingila, ya kuma zama kyaftin ɗin Super Eagles. Tafiyarsa ba ta rage wa ƙungiyar ƙarfi ba. Ta ɗauki lig sau uku a jere, 2012 da 2013 ƙarƙashin Mohammed Baba Ganaru, 2014 ƙarƙashin Okey Emordi, abin da kafin ita Iwuanyanwu Nationale da Enyimba suka taɓa yi. Gambo Mohammed yana gaba, Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, yana raba ƙwallo daga tsakiya. Rabi'u ya ci gaba da sa rigar har bayan ya haura shekara arba'in, kuma idan ana neman mutum ɗaya da za a ce shi ne fuskar ƙungiyar, shi ne. A Afirka kam waɗannan shekaru ba su yi armashi ba: AC Leopards ta fitar da ita da wuri a 2013, AS Vita a 2014. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasan wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar Owerri, biyar suka jikkata.

Kofin Ƙalubale ya daɗe yana wahalar da ita. A wasan ƙarshe na 2018 a Asaba ta ba Enugu Rangers 3-0, Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Bayan shekara guda Pillars ta dawo wasan ƙarshe, wannan karo a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Aka tashi babu ci da Niger Tornadoes, ta yi nasara 4-3 a fenareti ƙarƙashin koci Ibrahim Musa. Shekara 66 ke nan tun zuwan kofin Kano na farko.

Magoya bayan da suka gina martabar ƙungiyar, wani ɓangare nasu ya sha jawo mata asara. A kakar 2021 Kaduna ta zame mata gida. Da ta koma Kano a watan Afrilun 2022, a wasanta da Katsina United, tarzoma ta tashi aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta zaftare mata maki uku, ta ci ta tara, ta mayar da wasanninta Abuja. Cikin watan Yuni aka sake cire mata maki uku kan cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarta da Dakkada. A ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu. Shekara ɗaya ta yi a can, ta dawo a 2023.

Ahmed Musa ya dawo mata na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a 2024, a watan Yulin 2025 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa shi babban manaja alhali yana cikin masu buga wasa. Yadda naɗin ya fito daga gidan gwamnati ya nuna inda ikon yake. Kano gari ne na kasuwannin Kurmi da Kantin Kwari da Singa, kuma mahaifar wasu daga cikin manyan attajiran Afirka, amma ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa ba ta koma hannun 'yan kasuwa ko magoya bayanta ba, ba ta kuma iya riƙe kanta da kuɗin ƙofa da tallace-tallace. Idan gwamnati ta sauya, shugabanninta kan sauya. Fiye da shekara talatin bayan haɗakar 1990, gwamnatin jihar Kano ce ke naɗa masu tafiyar da Pillars, kuma daga baitulmalinta mafi yawan kuɗin ƙungiyar ke fitowa.