Motar da Ake Sayarwa a Warwatse: Tarihin Ƙaramar Motar Tsere Mai Rimot

Duk wanda ya ƙera motar kara ko ta langalanga yana yaro ya san wani abu guda: ranar da taya ta fita, ba ka neman kowa, domin kai ka haɗa ta kuma ka san inda za ka taɓa. A Japan, Amurka da Turai akwai wata ƙaramar mota da tarihinta ya ginu a kan wannan. Ana kiranta bugi, ana tuƙa ta da rimot, girmanta kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, kuma manyan mutane na yin gasar duniya da ita.

Sarrafa abu daga nesa da siginar rediyo tsohon abu ne. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a ƙaramin jirgin ruwa da yake juya shi ta wannan hanya a birnin New York. Motoci sun makara. Sai a 1966 wani kamfanin Italiya mai suna El-Gi ya fitar da ƙaramar Ferrari mai rimot. Sai dai motocin farko duk 'yan kwalta ne, in suka haɗu da tsakuwa ko rami tafiya ta ƙare.

Ita kuwa bugi ta gado siffarta daga motar gaske. A 1964 wani mutumin Kalifoniya mai suna Bruce Meyers ya ƙera motar hawa rairayi da injin da ƙafafun Volkswagen Bitil, wato irin Bitil ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975. Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan, wanda ya fara motar rimot a 1976 da Porsche 934, shi ya kwaikwayi irin waɗannan motocin rairayi. A 1979 ya fitar da Rough Rider da Sand Scorcher, ta biyun ma jikin Bitil gare ta sak. Suna da ƙafafun ƙarfe da akwatin da ke kare kayan rediyo daga ruwa da ƙura, amma suna da nauyi, suna da tsada.

Abin lura shi ne yadda ake sayar da su. In ka buɗe kwali ba mota za ka gani ba, sai ledoji cike da noti, sukuru, giya da sifirin, tare da littafin zane da ke nuna mataki bayan mataki. Kai za ka shafa giris, kai za ka ɗaure taya, kai za ka yi fenti. A 1984 Tamiya ya fitar da Grasshopper da Hornet, na roba, masu sauƙin kuɗi, sai yara da yawa suka samu shiga. Yaron da ya kwana biyu yana haɗa Hornet ya riga ya ga cikinta kaf kafin ta taka ƙasa. Ranar da ta daki bango hannun taya ya karye, sai ya sayi wannan yanki kaɗai ya mayar.

A wannan shekarar ce kuma al'amarin ya sauya. Kamfanin Team Associated na Kalifoniya ya fitar da RC10, wadda Roger Curtis ya zana. Shasinta kwano ne na alminiyom mai ruwan zinare, kowace taya na da shokozoba mai mai a ciki, kuma kusan kowane sashe nata ana iya saita shi. A 1985, a gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci da hukumar IFMAR ta shirya a Del Mar, Jay Halsey ya ci ɗaya daga cikin rukunan biyu da RC10, Gil Losi ƙarami ya ci ɗayan da motar Yokomo ta Japan. Bayan shekara biyu, a Romsey ta Ingila, wani matashi ɗan Japan mai suna Masami Hirosaka ya ci rukunin masu jan taya huɗu da motar Schumacher CAT, daga baya ya tara kambun duniya 14.

Me ake saitawa? Na farko man shokozoba. In ya yi kauri, motar ba ta dakan ƙasa in ta sauko daga tsalle, amma tana wahala a hanya mai gargada. In ya tsinke, tana lafewa a gargada, amma cikinta na bugun ƙasa. Na biyu giya. Ƙaramar giyar da ke bakin injin lantarki in aka ƙara mata haƙora, gudu ya ƙaru, amma injin ya ɗau zafi, batir ya yi saurin mutuwa. A zamanin batirin NiCd mai ƙwaya shida da bolt 7.2, wannan lissafi shi ne rabin gasar: tseren 'yan mintuna ne, kuma mota kan mutu a zagayen ƙarshe tana kan gaba. Na uku difaranshal, abin da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa a kwana. Cecil Schumacher, injiniya ɗan Ingila, ya shahara da irin wanda ke aiki da ƙananan ƙwallayen ƙarfe tsakanin faifai biyu. In ka matse shi da yawa motar ta ƙi shan kwana, in ka sassauta ya riƙa zamewa yana ƙara har ya lalace. Da yatsa ake gane daidai ɗinsa.

Bayan kowane tsere akwai aiki: a goge ƙura daga boris, a duba burushin injin ko ya cinye, a sake man shokozoba. Har rediyon ma sai da tsari, domin in mutum biyu suka hau zango ɗaya, rimot ɗin wannan sai ya kwashi motar wancan.

Yawancin wannan wahala ta wuce. Daga tsakiyar shekarun 2000 rediyon 2.4GHz ya kashe rikicin zango, injin da ba shi da burushi ya kawar da aikin burushi, batirin LiPo ya sa mutuwa a tsakiyar tsere ta zama labari. Kamfanoni irin su Traxxas kuma suka yaɗa motar da ake sayarwa a haɗe, ka yi caji ka tuƙa. Mutane da yawa sun shigo ta wannan ƙofa, kuma ba laifi. Amma wanda bai taɓa ganin cikin motarsa ba, ranar da giya ɗaya ta gutsire yakan ajiye ta a lungu, alhali gyaran bai fi na rabin awa ba.

Da alama tsofaffin 'yan wasan sun yi kewar wancan zamani. Tamiya ya sake fitar da Hornet a 2004, Team Associated ya dawo da RC10 mai ruwan zinare a 2013, kuma duka biyun a warwatse suka zo, kamar da. Har yau manyan motocin gasa a ledoji ake sayar da su, sai ka zauna da sukudireba ka haɗa abinka.